Fargabar da ke cikin finafinan Hitchcock, aikin wa ce?

Malam Habibu: Salamu alaikum. Jiya na sake kallon Psycho, fim ɗin darakta Alfred Hitchcock na 1960, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ana ta kiran Alfred Hitchcock sarkin finafinan fargaba, ni kuwa a ganina rabin sunan nan gumin wasu ne. Ku ɗauki wurin da aka kashe jarumar fim ɗin, Janet Leigh, tana wanka, ku kashe sauti ku kalla. Abin da ke sa tsigar jiki tashi kukan gogen Turawan nan ne na mai tsara kiɗan fim Bernard Herrmann. Shi Hitchcock da farko ma cewa ya yi kada a sa kiɗa a wurin. Zanen yadda za a ɗauki hoton kuma Saul Bass ne ya yi. To ina nasa?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Malam, da aka kunna masa kiɗan ya ji ya fi nasa tunanin, ai janye maganarsa ya yi ya karɓa, kuma wannan ma aikin darakta ne. Sannan ka manta yadda fim ɗin ya samu. Kamfanin Paramount bai so a yi shi ba. Hitchcock ne ya nemo kuɗin, kusan dala 800,000, ya kwaso ma'aikatan shirinsa na talabijin, ya ɗauka baƙi da fari. Ya kawo fitacciyar jaruma ya kashe ta tun fim bai kai rabi ba, ya kuma sa gidajen sinima su hana kowa shiga idan an fara.

Malam Habibu: Hajiya, kisan nan yana cikin littafin Robert Bloch na 1959 da aka ɗauko labarin daga ciki. Ba shi ya ƙirƙiro ba.

Baban Khalifa: Ni ina bayan Malam. Sau biyar ana sa sunansa a takarar gwarzon darakta na Oscar, bai taɓa ci ba. Rebecca na 1940 ya ci gwarzon fim, amma kyautar hannun furodusa David O. Selznick ta shiga. Abokan sana'arsa da suka gan shi yana aiki ne suka hana shi, kuma sun fi mu sanin ciki.

Aminu Edita: Yaya Baban Khalifa, da girmanka, Oscar ba ma'auni ba ce a nan. Vertigo na 1958 bai samu wata karɓuwar kirki ba da ya fito, amma a 2012 masu sharhin fim da mujallar Sight and Sound ta tattaro daga sassan duniya suka zaɓe shi fim mafi kyau a tarihi, ya ture fim ɗin Citizen Kane da ya yi shekara 50 a saman.

Amma ni abin da nake so Malam ya duba daban ne, kuma a matsayina na mai tace hoto nake magana. Herrmann bai fara aiki da Hitchcock ba sai 1955. Kafin nan Hitchcock ya yi shekara 30 yana fim. Ku nemi The Lodger na 1927, lokacin fim ba ya magana. Akwai baƙo da ya kama haya a saman bene, mutanen gida suna zargin shi ne ke kashe mata a Landan. Ana so mu san suna jin takunsa yana kai da kawo, ga shi babu sauti. Sai Hitchcock ya sa aka shimfiɗa gilashi mai kauri a matsayin daɓen ɗakin, aka ɗauki hoto daga ƙasa, muna ganin tafin takalminsa ta cikin rufi, fitilar da ke rataye tana lilo. Wallahi duk lokacin da na kalli wurin sai na ji kamar da kunnena na ji takun. Shekararsa 27 a lokacin. Babu Herrmann, babu Bass, babu kuɗin Amurka.

Maman Ilham: Madalla, Aminu. Kuma ya san abin da yake yi, ba dace ba ne. A hirarsa da François Truffaut, daraktan nan na Faransa, a 1962, ya bambanta razana da zulumi. Mutane na hira a tebur, bam ya tashi ba zato, mai kallo ya razana na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Amma idan ka nuna masa bam ɗin tun farko, ka nuna agogo, to hirar banzar da suke yi ta zama azaba, mai kallo ji yake kamar ya yi musu ihu su tashi. Rear Window na 1954 haka yake. Jarumin fim ɗin, James Stewart, na zaune da karyayyiyar ƙafa, yana hango jarumar, Grace Kelly, a ɗakin mai kisa, ga mai kisan yana dawowa, shi kuma ba ya iya ko miƙewa.

Malam Habibu: Maganar The Lodger ta shige ni, ban taɓa kallonsa ba. Amma ku amsa mini wannan. Sun ɓata da Herrmann a 1966 wajen yin fim ɗin Torn Curtain. Daga nan wane fim ya yi da ya kamo ƙafar na baya?

Aminu Edita: Frenzy na 1972, da ya koma Landan ya yi. Akwai wurin da mai kisa ya shiga ɗaki da mace, ƙofa ta rufe, kyamara ta ja da baya a hankali, ta sauko matakala, ta fita titi cikin hayaniyar kasuwa. Ba a nuna komai ba, amma ka san abin da ke faruwa a sama.

Anti Rabi: Tun ɗazu ina karantawa, kuna ta lissafa maza. Matar Hitchcock, Alma Reville, ta riga shi shiga harkar, mai tace hoto ce tun yana rubuta allunan magana na finafinan da ba sauti. Sun yi aure a 1926, kuma rubutun fim ba ya wucewa sai ta duba. A 1979, da ake karrama shi a Amurka, ya ce mutum huɗu zai gode wa: mai tace hoto, marubuciya, uwar 'yarsa, da gwanar girki, kuma duk Alma ce. Sannan akwai jaruma Tippi Hedren, da aka shafe kwanaki ana jefa mata tsuntsaye masu rai a The Birds na 1963 har ɗaya ya ji mata ciwo kusa da ido, daga baya kuma ta fito ta ce Hitchcock ya takura mata da nema. Tsoron da kuka gani a fuskarta ba duka ne wasa ba, kuma wannan yana ƙona mini rai.

Malam Habibu: Anti, kin kawo wadda ta fi tawa ƙarfi. A kan Herrmann na sassauto, amma a kan Alma ina nan daram. Aminu, don Allah idan kana da The Lodger ka turo mini, yau da dare zan duba wurin gilashin nan da kaina.