Neman mai kitso da kayan gyaran gashi ga yarinya mai cutar siliyak a Bauchi

Maman Ummi, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Likita ya tabbatar mana cewa 'yata tana da cutar siliyak, wadda ke hana mutum cin duk abin da ke ɗauke da sinadarin gulutin, wato alkama da sha'ir da danginsu. Mun bar burodi da taliya da funkaso, mun koma tuwon dawa da shinkafa da acca. Abin da ya rage mini shi ne gyaran kai, domin bikin yayarta ya matso, kuma na ga an rubuta alkama a jikin wani man gashi. Shin akwai haɗari idan an shafa mata shi, kuma yaya zan sami mai kitso da za ta saurare ni ba tare da ta ce iyayi nake yi ba?

Ma'aikaciyar jinya, Yelwa:
Wa'alaikumus salam, Maman Ummi, Allah ya ba ta lafiya. Ki kwantar da hankalinki, domin gulutin ba ya ratsa fata ya shiga jiki. Ɓarnar da yake yi a ƙaramin hanji take faruwa, kuma sai an haɗiye shi. Hatta ƙurajen nan masu tsananin ƙaiƙayi da ke fitowa wa wasu masu cutar a gwiwa da gwiwar hannu, abin da aka ci ne ke jawo su, ba abin da aka shafa ba. Saboda haka inda za ki sa ido shi ne duk abin da zai iya kaiwa baki: jan-baki da man leɓe, feshin gashi da ake fesawa kusa da fuska, kumfar sabulun wankin kai idan ta gangaro, da kuma hannun yarinyar idan ta taɓa kanta ta zauna cin abinci ba ta wanke ba. Idan kin je Kasuwar Wunti sayen kaya, ki duba jerin sinadaran da ke bayan kwalba. Triticum vulgare alkama ce, Hordeum vulgare sha'ir ne, sannan Secale cereale wani hatsi ne dangin alkama mai ɗauke da gulutin. Ki duba lambar NAFDAC kuma, ko da yake lambar ba shaida ba ce cewa babu gulutin.

Anti mai kitso, Gwallaga:
Hajiya, kada ki tsaya dogon bayanin cuta a shago, domin yawancinmu ba mu san sunanta ba. Ki ce likita ne ya hana, ki zo da kayanki a leda, kuma ki zo da safe kafin shago ya cika da hayaniya da feshi. Ga kitso kuwa, man kaɗe ko man kwakwa zalla ya wadatar, karkashi ma yana wanke kai sosai. Abin da zan ja kunnenki a kansa shi ne man da ake ɗurawa a roba marar suna, wanda mai shi za ta ce haɗin gida ne, da kuma dilka, domin wasu suna haɗa ta da gari, sai ki tambaya garin mene ne. Wadda ta ɓata rai don kin tambaya, ki nemi wata.

Malam mai kemis, Muda Lawal:
Zan ƙara abu guda a kan bayanin 'yar uwa ma'aikaciyar jinya, wanda daidai ne ga siliyak kaɗai. Akwai wata matsala daban, wato jikin da ba ya jituwa da alkama kwata-kwata, kuma wannan kam taɓa fata ma yana iya tayar da ita. A ƙasar Japan an janye wani sabulun wanke fuska daga kasuwa a 2011 saboda furotin na alkama da ke cikinsa, bayan ya jawo wa mutane da yawa kumburi da borin jini. Ki tambayi likitanta ko tana da wannan ɗin ma, kuma duk sabon mai ki fara gwada ɗan kaɗan a bayan kunnenta kwana biyu kafin ranar kitso.

Maman Ummi, Fadaman Mada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, idan kina karɓar kitso ranar Laraba da safe, zan kawo ta da man kaɗenmu.