Zan tafi karatu Malesiya da 'yata mai shekara uku, ina neman shawara

Maman Ilham, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah Ya ba ni gurbin karatun digiri na uku a Malesiya, aƙalla shekara uku zan yi. 'Yata ɗaya ce, Ilham, shekararta uku da wata biyar. Aurena da babanta ya mutu tun tana goye, muna gidanmu wajen Hajiya.

Hajiya ta ce in bar mata ita, wa zai kama mini a ƙasar da ban san kowa ba. Gaskiya ta faɗa. Amma yarinyar nan har yau ba ta barci sai ta damƙe bakin zanina. Kwana biyu na yi a Zariya wajen taro, ta ƙi cin abinci, ta zauna a soro da takalmina a hannu. Ita kuma Hajiya ga hawan jini ga ciwon gwiwa, ba za ta iya bin yarinya mai ƙiriniya ba.

Zuciyata ta fi karkata ga tafiya da ita. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya, don Allah ta ina zan fara? Ban ma sanar da babanta ba tukuna.

Abban Khalifa, Kawo

Wa alaikumus salam. Malama, abin da kika faɗa a ƙarshe shi ne na farko. Kada ki sayi tikiti kafin ki gama da mahaifinta. Wajen yi wa ƙaramin yaro fasfo ana neman takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da takardar amincewar iyaye, kuma sai kin kai ta ofishin shige da fice an ɗauki hotonta. Fasfon yara na shekara 5 ne, zai ishe ki.

Ta ɓangaren shari'a, a mazhabar Malikiyya riƙon 'ya mace yana hannun uwa har ta yi aure ta tare, amma uba shi ne waliyyi, kuma malamai sun yi magana a kan tafiya mai nisa da yaro, sun bambanta ƙaura da tafiyar da za a je a dawo. Kada ki kira shi a waya da kanki. Ki tura kawunki ko yayanki su same shi cikin mutunci. In ya yarda ya rubuta ya sa hannu, a yi rantsuwa a kotu. In ya ƙi, alƙali ne zai raba, ba gardama a WhatsApp ba. Takardar saki ma ki tafi da ita.

Maman Yusra, Malali

'Yar uwa, ni na yi, bayan rasuwar maigidana, da yarona yana shekara huɗu. Ana iyawa, amma da wuya.

A lokacina sai da takardar zamana ta ɗaliba ta fito kafin na nema masa tasa, don haka ki tambayi ofishin ɗaliban waje na jami'arki tun yanzu. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ku biyun, ki haɗa da katin allurarta na asibiti. Babu jirgi kai tsaye, sai an yada zango a Addis Ababa ko Doha. Tunda ta wuce shekara biyu kujerarta daban, kuɗi ne sosai. Ki sa kaya kala biyu a jakar hannu, naki da nata. Nawa ya yi mini amai a cinya tun ba mu kai rabin hanya ba.

Abinci ba matsala, halal ne kusan ko'ina. Ki dai ɗaure kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji a leda biyu-biyu, don akwai ranar da yaro zai ce shi tuwo yake so. Gidan rainon yara ƙanana suna ce masa taska, daga shekara huɗu kuma tadika. Shi ne ya fi cin kuɗina bayan haya.

Abin da ba wanda ya gaya mini: ranar da ke za ki kwanta ciwo. Zazzaɓin dengi ya kayar da ni, sauronsa da rana yake cizo. Ina kwance ina rawar sanyi, yaro ya jawo kujera ya hau yana neman biredi a saman firji, na kasa ko ɗaga kai. Wata 'yar Kano a benenmu ce ta ɗauke shi kwana biyar. Kafin ki kama gida, ki nemi inda 'yan Arewa masu iyali suke, ko da ya fi nisa da makaranta. Maƙwabciya ta fi miki ɗaki mai kyau.

Hajiya Goggo, Tudun Wada

'Yata, ki ji ta mahaifiyarki ko da rabi ne. Ki fara zuwa ke kaɗai wata uku, ki kama gida, ki ga makarantar da idonki, sannan ki dawo ki ɗauke ta. Ki samo 'yar dangi ta zauna da Hajiya kafin nan. Kuma in kun tafi kada ki bari Hausa ta kuɓuce mata. Jikana ya dawo daga waje ko gaisuwa ba ya iyawa, har yau abin yana ci mini rai.

Maman Ilham

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Goggo, kuɗin zuwa biyu ne ba ni da shi, amma zan lissafa in gani. Malam, na faɗa wa Kawu da daren nan, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai je Rigasa ya sami baban Ilham. Anti Maman Yusra, na ga sun fi mu da awa bakwai, wane lokaci kike kira gida yaro ya ga kakarsa bai yi barci ba? Sannan idan ya tashi daga tadika ke kina wajen malaminki, wa yake ɗauko miki shi?