"Have you?" ko "haven't you?": ina bambancin yake?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya shugabarmu ta wurin aiki ta ce min a waya, "You haven't sent the report, have you?" Ni kuwa ban tura ba, sai na ce "Yes", nufina e, gaskiyarki. Baiwar Allah ta yi ta laluben imel ɗinta tana neman rahoton da babu shi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Don Allah wannan 'yar wutsiyar da ake liƙa wa jimla a Turanci, me take canzawa idan da "not" ko babu?

Tsohon malami:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, daina kallon wutsiyar, jimlar za ka duba, a nan zaton mai magana yake. In da ta ce "You've sent it, haven't you?", tana kyautata zaton ka tura. Tunda ta ce "You haven't sent it, have you?", ta riga ta ɗauka ba ka tura ba. Wutsiyar kishiyar jimlar ce kawai. Mu "ko?" ɗaya ke yi mana duka aikin, shi ya sa muke ruɗewa.

Amsar ce ta kayar da kai. Bahaushe maganar mai tambaya yake gaskatawa: "Ba ka tura ba ko?" "E." Bature kuwa abin da ya faru yake bi. Ba ka tura ba? "No, I haven't." Ka riƙa cika amsar haka, kada ka tsaya a kan kalma ɗaya.

Ɗalibar nahawu:
Malam ya gama magana, sai dai a ƙara da murya. In ta sauka a kan wutsiyar, ba tambaya ba ce sosai, so ake ka amince. In ta hau, da gaske ba a sani ba. Kuma never, hardly da nobody korewa ne ko babu "not": "She never calls, does she?"

Mai sauraro:
Akwai wadda ba kishiya a cikinta: "So you've sent it, have you?" Wani lokaci mamaki ne, wani lokaci gatse, kamar mu ce "Au, ka tura ke nan?" In ka ji wannan daga bakin shugabarka, sake duba imel ɗinka tukuna.

Mai neman sani:
Na gode ƙwarai, Malam. Rahoton dai ya tafi yau da safe.