Motar da bashinta ya fi kuɗinta, ga tafiya ta taso

Wani ɗan'uwanmu mai shirin ƙaura zuwa ƙasar waje ya tambayi yadda zai yi da motarsa, wadda bashin banki da ke kanta ya fi kuɗin da za ta yi in an sayar. Na bibiyi shawarwarin da aka ba shi, ga abin da na tattara.

1. Baki ya zo ɗaya a nan: fara zuwa banki, su rubuta maka adadin da zai rufe bashin a ranar biya. Kuɗin ruwa na ƙaruwa kullum, lissafin watan jiya ba zai yi ba.

2. Sayarwa kai tsaye ta fi kai wa dila riba, sai dai tana cin lokaci. Kuma kada ka ɓoye wa mai saye bashin. Ku je bankin tare, ya biya, ka cike giɓin da ke tsakanin kuɗin motar da bashin, a saki takardun mota a gabansa.

3. Miƙa wa banki makulli ka tafi? Kusan kowa ya hana. Gwanjonta za su yi da araha, ragowar bashin na wuyanka, sunanka kuma ya ɓaci.

Inda aka rabu shi ne giɓin. Wasu sun ce a ci ƙaramin bashi a cike. Wasu sun ce a bar wa ɗan'uwa motar ya ci gaba da biya. Ni wannan na biyun yana ba ni tsoro: in ya makara wata guda, kai za a nema, kana can nesa, ga zumunci ya shiga tsakani.

Kada a manta da soke inshora bayan ciniki, a kuma karɓi takardar shaidar an gama biya.