Maganin da ke tare kalsiyam, ba zai tsayar da zuciya ba?

Ɗalibar Jinya:
Salamu alaikum. Likita ya ɗora Baba a kan amlodipine, miligiram 5 kullum, saboda hawan jini. Jiya ina karanta 'yar takardar cikin kwalin sai na ga wai aikinsa tare hanyar kalsiyam. Mu kuma a aji an ce mana ba kalsiyam, ba bugun zuciya. Wallahi ban runtsa ba, sai leƙa ɗakinsa nake yi. Yaya abin yake?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, malamanku ba su yi ƙarya ba. Duk bugu ɗaya, ɗan lantarki ne ke ratsa tsokar zuciya, sai wasu ƙofofi su buɗe, kalsiyam kaɗan ya shigo daga waje. Wannan kaɗan ɗin ɗan aike ne kawai: shi ke buɗe rumbun da ke cikin ƙwayar tsokar, sai mai yawa ya kwararo, ya ninka kamar sau 10. Ya kama wani furotin mai suna troponin, troponin ya janye shingen da ke tsakanin actin da myosin, wato zaruruwan tsokar, su ja juna, zuciya ta matse.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe a jarrabawa shi ne sakin zuciya bayan ta matse. Suna ɗauka hutu ne, alhali aiki ne mai cin ƙarfi. Wani famfo a jikin rumbun, mai suna SERCA, ke mayar da mafi yawan kalsiyam ɗin rumbu, sauran a fitar waje, sodiyam 3 su shigo kalsiyam 1 ya fita. In kwashewar ta yi nawa, zuciya ba ta saki sosai, balle ta cika da jini.

Mai Kemis:
Amlodipine ya fi kama ƙofofin da ke jikin jijiyoyin jini, su saki, jini ya sauka. A cikin magungunan tare kalsiyam, masu rage gudun zuciya su ne verapamil da diltiazem. Ki dai riƙa duba ƙafarsa, yana sa kumburi wani lokaci. Kada ya daina sha sai da izinin likita.

Tsohon Nas:
'Yata, kin san ruwan Ringer da kuke ɗaura wa marasa lafiya? Sunan wani likita ne, Sydney Ringer, da ya yi gwaji a Landan, 1883. Zuciyar kwaɗo ta yi ta bugu a ruwan gishirin da aka haɗa da ruwan famfo, da aka koma tataccen ruwa sai ta yi sanyi. Ashe kalsiyam ne a ruwan famfon.

Ɗalibar Jinya:
Allah ya saka da alheri. Na danna ƙafar Baba da yatsa, ba ta lotsa ba. Shi tambayarsa ɗaya: fura da nononsa fa, tunda akwai kalsiyam a nono?

Mai Kemis:
Ki dama masa, a rage sukari.