Neman shawara: An ba ƙanwata kwas ɗin da ba ta nema ba a Jami'ar Jos, ga kuma batun masauki

Mai neman shawara

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni mazaunin Azare ne, sana'ata ɗinki, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shekara huɗu da suka wuce ɗawainiyar karatun ƙanwata ta dawo kaina. Karatuna bai wuce sakandare ba, saboda haka a harkar jami'a lalube kawai nake yi.

Yarinyar ta samu maki 238 a JAMB, tana da kiredit ɗinta na NECO a zama ɗaya, kuma ta nemi ilimin harhaɗa magunguna a Jami'ar Jos. An yi tantancewa, muka zauna jira, sai a makon jiya ta buɗe shafinta ta tarar ana neman amincewarta a mayar da ita sashen Kemistiri. Tun daga ranar ba ta cin abincin kirki. Ana haka sai wani da nake yi wa ɗinki ya haɗa ni da wani mutum a waya, wanda ya ce yana da hanya, in na tura masa naira 250,000 zai dawo mata da kwas ɗin da take so, rabi yanzu rabi in aiki ya kammala. Kuɗin suna nan, amma na keken surfanin da na yi shekara biyu ina tarawa ne.

Abu na biyu shi ne wurin zama. Muna da gwaggo a Bukuru, kuma Inna ta dage cewa can yarinyar za ta zauna, ita kuwa ɗakin kwanan ɗalibai take so. Wani dillali kuma ya turo mini hoton ɗaki a Anguwan Rogo, yana neman kafin alƙalami kafin ƙarshen mako. Mutanen Jos, don Allah ku haska mini hanya.

Wani malamin sakandare daga Rikkos

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya saka maka da alheri kan riƙon zumunci. Kafin komai, kada ka tura wa mutumin nan ko sisin kwabo. Tun daga shekarar 2017 duk wani gurbin shiga jami'a a ƙasar nan yana bi ne ta tsarin da JAMB ke kira CAPS: jami'a ta miƙa sunayen waɗanda take so, JAMB ta duba ta amince, sannan ɗalibi da kansa ya shiga shafinsa ya karɓa ko ya ƙi. Takardar da ba ta fito ta wannan hanya ba, komai kyan hatiminta, takarda ce kawai. Abin takaicin shi ne illar ba ta bayyana nan take, sai yaro ya gama karatu ya zo tafiya bautar ƙasa a tarar sunansa ba ya cikin rajistar JAMB, shekarun da kuɗin duk sun tafi.

Irin waɗannan mutane caca suke yi da kuɗin jama'a. Za su karɓa a hannun mutum ashirin, in Allah Ya sa biyu suka samu gurbi bisa cancantarsu sai su ce aikinsu ne, sauran kuma layi ya daina shiga. Wannan rabi yanzu rabi daga baya da ya faɗa maka shi ne ƙugiyar, don ka ga kamar shi ma yana da abin asara.

Game da dalilin da ya sa ba ta samu abin da ta nema ba, ka sani 238 maki ne mai kyau, amma ba a auna shi da mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, to wannan ƙofar shiga layi ce kurum. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa zallar cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, waɗanda Bauchi tana cikinsu. A kowane rukuni daga sama ake ɗauka har gurabe su ƙare, kuma ana haɗa makin JAMB da na tantancewar jami'a. Harhaɗa magunguna kuwa, kamar likitanci, akwai hukumar da ke kula da sana'ar wadda ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, saboda haka ko shugaban sashen ba shi da ikon ƙara kujera don ya ga dama.

Abin da ta gani a shafinta tayi ne. In ta amince, za a duba ta a Kemistiri, in ta ƙi, tana nan a layin da ta nema, amma babu tabbacin zai kawo kanta, kuma makin JAMB ba ya ƙetare shekararsa. Kada kuma ku yi ta jan ƙafa, domin irin wannan tayi yana da wa'adi. Ku tabbatar sakamakon NECO ɗinta yana kan shafin JAMB, don da yawa nan suke faɗuwa ba su sani ba. Ta adana layin wayar da ta yi rajista da shi kamar yadda take adana takardar haihuwarta, kuma kada ta bar wa mai shagon intanet kalmar sirrinta. Na san yaron da mai shago ya danna masa amincewa da kwas ɗin da bai so, wai don ya taimaka.

Wata ma'aikaciyar asibiti

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma akwai abu ɗaya da nake so Yayanta ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba. Kada a rarrashe ta da cewa ta shiga Kemistiri, in ta gama aji ɗaya za ta koma inda take so. Yana faruwa, amma ga ƙalilan masu maki na sama sosai, kuma sai in akwai gurbin da ya ragu. Wanda ya karanta Kemistiri zai iya aiki a kamfanin magunguna, ko a ɗakin gwaje-gwaje, ko a hukuma irin NAFDAC, ko ya koyar, sai dai ba zai samu lasisin mai harhaɗa magunguna ba. In zuciyarta na kan wannan sana'a ne kawai, kuma shekarunta ba su ja ba, sake zama JAMB ba abin kunya ba ne, akwai kuma hanyar IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, wadda ke kai mutum aji biyu kai tsaye in ya ci da kyau. Ni sau biyu na zauna kafin in samu abin da nake so.

Malamin sakandaren ya ƙara da cewa

Hajiya, gaskiyarki, sai dai a duba halin gidan. Mutum ɗaya ne ke ɗauke da nauyin nan da allura da zare, kuma kalandar jami'a ba ta da tabbas, ba mu manta da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ba, wanda ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yarinyar da ta zauna gida shekara guda a garuruwanmu, mun san maganar da za ta fara tasowa. Ni da 'yata ce, zan ce ta karɓa, amma a bar ta ta yi istihara ta danna da hannunta.

Wata tsohuwar ɗaliba

Yaya, ni kan masauki zan yi magana, domin na ɗanɗana zaman gidan dangi. Ka fara fahimtar yadda garin yake. Bukuru tana kudu ne, jami'ar kuwa, da harabar Titin Bauchi da ta Naraguta, tana can arewacin gari, wato sai ta ratsa Jos gaba ɗaya kullum, ta sauka a Taminus ta sake hawa wani abin hawan. Lacca ta ƙarfe takwas tana nufin fita tun gari bai gama wayewa ba, kuma a watan Disamba da Janairu sanyin asubahin Jos ba irin na Azare ba ne, garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200. In ka lissafa kuɗin mota na zango guda, za ka ga arahar da Inna ke hange ba ta nan.

Ban da nisa, akwai abin da ba a cika faɗa ba saboda kunya. A shekarata ta farko a gidan ƙanwar babana na zauna, mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ba zai yiwu ina cin tuwon gida in ga kwanuka a tsakar gida in wuce ɗaki da littafi ba. Na tuna daren da zan rubuta jarrabawar Lissafi, goyon jaririnta yana bayana ina jijjiga shi, takardata tana kan murfin firji ina leƙawa da fitilar waya. Wannan kwas sai da na maimaita shi. Ɗalibar kimiyya tana da aikin ɗakin gwaji da kan kai yamma, kuma ba kowane gida ne zai fahimci dalilin dawowa bayan magariba ba.

Shawarata ita ce ta nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai. Gadaje ba sa isa a kusan duk jami'o'in tarayya, shi ya sa wanda ya biya kuɗin makaranta da wuri ya kuma sa ido kan sanarwar ofishin kula da harkokin ɗalibai yake gaba. Akwai cunkoso, akwai layin ruwa, kuma za ta zauna da Berom da Ngas da Tibi da Yarabawa da Ibo, wanda a wurina yana cikin karatun. Kada ta sayi gado a hannun wata ɗaliba, domin sunan wata ne a takarda, ranar da aka zo bincike ita za a fitar. Ku lallashi Inna da cewa gidan Gwaggo na nan don ƙarshen mako da hutun Sallah, kuma a rubuta sunan Gwaggo a matsayin wadda za a nema in wani abu ya taso.

Wani ɗan kasuwa mazaunin Anguwan Rogo

Malam, a unguwar nan aka haife ni, kuma ina gaya maka ba a kama ɗaki a Jos ta hoto. Daga Azare zuwa nan tafiyar yini ɗaya ce, ka rufe shago ka zo da ƙafarka. Hoton ɗaki guda yana iya kasancewa a wayar iyaye goma a lokaci ɗaya. In ka zo, ka nemi ganin mai gidan ido da ido, ka biya shi a hannunsa a gaban shaidu, ya ba ka rasit, a kuma rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa, har da la'adar dillali da kuɗin wuta da na shara. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba, ko rijiyar gidan tana kaiwa watan Maris, domin rijiyar da ka gani cike da damina ba shaida ba ce. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo, saboda ruwan Yuli da Agusta a garin nan ba ya wasa. Ka duba su wa ke cikin gidan, ko mata zalla ne ko gidan iyali, da kuma ƙarfe nawa ake rufe ƙofa.

Anguwan Rogo da Anguwan Rimi suna kusa da harabar Titin Bauchi, amma jami'ar nan ba a wuri ɗaya take ba. Ta faro ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, kuma har yau sassanta a warwatse suke. Ta fara tabbatar da inda za ta riƙa ɗaukar yawancin darussanta kafin a kama ɗaki.

Akwai kuma gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba. Tun rikicin 2001 zaman unguwanni ya rabu a Jos, kuma baƙo ba ya gane iyakokin da ido. Yawancin lokaci lafiya lau muke, muna ciniki da juna a kasuwa ɗaya, amma a makonninta na farko ta riƙa tafiya da waɗanda suka san gari, ta kuma riƙe lambar wani babba a unguwar. In aka ji ƙishin-ƙishin, ta zauna inda take, kada ta ce sai ta kai gida.

Kada ku ɗauko kaya da yawa. Bargo mai kauri da rigunan sanyi na gwanjo suna nan a kasuwar Katako, dankalin Turawa da kabeji da karas kuwa Farin Gada ce gidansu.

Wani ɗalibi ɗan aji uku

Yaya, tunda an yi maganar kuɗi, da zarar ta samu lambar rajistarta ta duba asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a 2024. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, akwai kuma naira 20,000 a wata ga wanda ya nemi na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma bashi ne, kuma ba lallai ya iso kafin a rufe rajista ba, don haka ka tanadi kuɗin zangon farko. Duk abin da za a biya na makaranta, ta ciro takardar biyan daga shafin jami'ar da kanta, ba a tura shi asusun wani mutum. Sannan ka ja mata kunne kan aji ɗaya, domin makin da aka tara a nan yana bin mutum har ranar fita, kuma babu malamin da zai bi ta da bulala don ba ta zo lacca ba.

Mai neman shawara

Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Jiya da daddare na karanta wa Inna da yarinyar amsoshinku ɗaya bayan ɗaya, kuma da muka zo kan labarin goyo da murfin firji Inna ta yi shiru, daga baya ta ce a nemi gadon, amma duk Juma'a sai ta je ta gaida Gwaggo. Mutumin nan na ce masa ya bari sai gurbin ya fito a shafin JAMB sannan in biya duka, ya ce zai kira ni, har yanzu shiru. Yarinyar ta nemi a ba ta kwana biyu kafin ta danna, na kuma ba ta.

Alhaji na Anguwan Rogo, in Allah Ya kai mu Asabar zan shigo motar asuba, in duba ɗakin nan ko da za a rasa gado. Don Allah a ina ya fi dacewa in sauka, a tashar Titin Bauchi ko sai na ƙarasa Taminus?