Banki ya riƙe min asusu mako shida, zan iya neman diyya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hatsi nake sayarwa a Dawanau. Wani baƙo ya sayi masara a wurina, ya turo naira dubu 480 ta waya. Bayan kwana biyu na wayi gari ko sisi ba na iya cirewa. Da na je banki aka ce an sa wa asusun PND, wato an hana cire kuɗi daga cikinsa, wai an kai ƙorafi cewa kuɗin na damfara ne. To, su riƙe dubu 480 ɗin mana, amma har da jarina gaba ɗaya suka haɗa.

Na kai rasit, hirarmu ta WhatsApp, BVN da NIN. Kullum sai "Alhaji, ana bincike, a ƙara haƙuri." Sai bayan mako shida suka buɗe, ba takarda, ba ban-haƙuri. Kafin nan kaka ta wuce, buhu ya yi tsada, ni da ban saba cin bashi ba sai da na ranta na biya 'yan dako.

Na rubuta musu ƙorafi, yau kwana 16 shiru. Na ji cewa bayan mako biyu ana iya kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, wato Babban Bankin Najeriya. Shin su kan sa a biya asara, ko sai kotu? Kuma ina da ikon neman bankina su nuna min umarnin kotun da suka dogara da shi, in akwai? Ribar da ta wuce ni fa, yaya ake tabbatar da ita? Lauyoyi da ma'aikatan banki, don Allah a taimaka.